Neman shawara: wane shokazoba ya dace da Fijo 504 Coupé ta marigayi Baba?

Auwalu (Kaduna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Baba ya rasu ya bar mini Peugeot 504 Coupé mai ƙofa biyu, ƙirar 1976, mai injin V6. Shekara tara tana ajiye a rumfa. Mun tashi injin, an yi birki, amma ƙafarta ta hana ni sukuni. Idan na hau gargada sai ta yi ta lilo har sau uku kafin ta nutsu, bayanta ya zauna, kuma shok na dama a baya ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta like masa kamar kwaɓi. A Panteka wani ya ce in ɗauki na 504 wagon, wai duk Fijo ce. Wani kuma ya ce in sa na gas mai tauri tunda motar gudu ce. Ina so ta dawo yadda nake jin ta ina yaro a kujerar baya. Me kuka gani?

Malam Garba Bakanike (Kakuri):
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Yarona, kada ka karɓi na wagon. Na yi shekaru ina kwance ƙafar 504 tun PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, na haɗa su a nan Kakuri, kamfanin da ya fara aiki a 1975. Wagon da fikof aksul guda ne a baya, sanda ɗaya ta haɗa tayoyin biyu, don lodi aka yi su. Taka kuwa kowace taya ta baya da hannunta take tafiya. A taka, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne, a 504 salun mai ƙofa huɗu kuma 2.74. Ba a haɗa irinta a Kaduna ba, shi ya sa 'yan kasuwa ke maka kintace.

Sannan ka raba ciwo biyu. Lilon nan na shok ne. Zaman da bayanta ya yi kuwa na sifirin ne, domin shi ke ɗauke da nauyin mota, shok ladabtar da shi kawai yake yi. Ka ajiye ta a siminti mai lebur, iskar taya daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda a kusurwa huɗu, ka kawo mana.

Nura:
Ni dai na gas na sa wa tawa, kuma ban yi nadama ba. A kwana ba ta kwanciya.

Malam Garba Bakanike (Kakuri):
Nura, taka motar ƙirar yaushe ce? Ƙarfen da ya kusa shekara 50 ba a dukansa haka. Shok mai tauri duk ramin da ya ci, mazauninsa yake miƙa wa. Na ga mazaunin da ya tsage a kan haka, sai da muka yi walda.

Issoufou (Lyon, ɗan Damagaram):
Ina goyon bayan Baba Garba, amma bari in ƙara. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikin motar nan, aka nuna ta a baje-kolin motoci na Janeba a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Ita ce ta ci gasar Safari a Kenya a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas, to amma waccan an shirya mata ƙafar tsere ta musamman. Ta titi laushi aka san ta da shi, kuma a zamanin Peugeot da kansa yake ƙera shok ɗinsa na mai, ya daidaita shi da sifirin ɗin motar.

Na gas ma iri biyu ne, kada a yi musu kuɗin goro. Akwai mai bututu ɗaya da iska mai ƙarfi, irin na Bilstein, wanda yakan ɗan ɗaga mota ya sa ka ji kowace tsakuwa. Akwai mai bututu biyu da iska kaɗan, wadda aikinta hana mai yin kumfa idan ya yi zafi. Wannan bai yi nisa da na asali ba. Idan aljihu zai ɗauka, ka tambayi jan shok na kamfanin Koni na Holan, ana iya juya shi a ƙara ko a rage masa ƙarfin dawowa. Ka fara daga mafi laushi. Kafin ka biya ko sisi, cire tsohon ka auna tsawonsa a miƙe da a matse, ka ɗauki hoton kan sama da na ƙasa. Wanda ya fi tsawo a matse zai daki gindinsa kafin robar tsayawa ta karɓa, nan da nan ya mutu.

Hajiya Binta (Kano):
Ɗana, mu a shagonmu na Ƙofar Ruwa abin da nake gaya wa kowa: ka guji ɗan Beljiyam a kan shok. Fenti kake gani, ba ka ganin cikinsa. Sababbin ma akwai jabu a kwali mai kyau. Ka tsayar da shi, ka matsa ka ja sau biyar; in ka ji wani wuri ya tafi fayau babu turjiya, ajiye musu. Kuma biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama.

Malam Garba Bakanike (Kakuri):
Na manta abu ɗaya. Ka sa sababbin bushin, kuma kada yaron gareji ya ɗaure kusoshinsu mota na kan jek. A sauke ta ta zauna kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Shok na gaba kuma a cikin stirot yake, wato ƙarfen da ya haɗa shi da sifirin wuri guda, in an taɓa shi sai an sake saita ƙafa.

Auwalu (Kaduna):
Allah ya saka da alheri. Na auna da safen nan: bayan dama ya fi na hagu zama da santimita 3. Da muka ɗaga ta, ashe zoben ƙasa na sifirin ɗin ya karye, tsatsa ta rufe wurin, guntun na kwance a mazauninsa. Na fasa na wagon. Malam Issoufou, zan turo maka awon da hotuna yau da dare, ka duba mana sifirin biyu da shok huɗu a can. Baba Garba, ranar Asabar zan iya kawo ta ka duba mazaunin gaba kafin kaya su iso?