Littafin Camus ya hana ni barci, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ya rasu bara, har yau ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Kwanan nan na karanta littafin L'Étranger na marubucin Faransa Albert Camus, wanda ya fito a 1942. Jarumin littafin, Meursault, ya binne mahaifiyarsa ido a bushe, washegari ya tafi iyo da kallon fim da budurwa. Daga baya ya harbe wani Balarabe a bakin teku, aka yanke masa hukuncin kisa, ya fatattaki limamin cocin da ya je masa kurkuku. A ganin Meursault, tunda kowa zai mutu, komai ɗaya ne. Na ga kaina a cikinsa, hankalina ya tashi. In ci gaba da karanta irinsa, ko in bari?

Wata malamar adabi: Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, koma ka sake karanta zaman kotun. Mai gabatar da ƙara ya fi nanata kofi da tabar da Meursault ya sha a gaban gawar uwarsa fiye da ran da ya kashe. Masu auna zuciya da hawaye Camus yake caccaka a nan. Kai kuwa ka ɗauki aikin mai gabatar da ƙarar, kana tuhumar kanka. Wani baƙin cikinsa a ido yake, wani a rashin barci.

Wani dattijo: Ni ban yarda ba, Malama. Mutumin da ya ƙara wa gawa harsashi huɗu ba abin tausayi ba ne, Balaraben ma ko suna ba a ba shi ba. Yaro, ajiye littafin nan, ka yawaita yi wa mahaifinka addu'a, ka riƙa shiga mutane.

Malamar: Gaskiyarka a kan Balaraben, Baba. Amma Camus bai tsaya nan ba. A littafinsa La Peste, na 1947, annoba ta sa an rufe birnin Oran. Likita Rieux ya san galibin majinyatansa ba za su tashi ba, duk da haka kullum yana bi gida-gida yana tsaga musu kumburi. Amininsa Tarrou ya mutu a hannunsa, matarsa ta rasu nesa da shi. Shi nake so ya karanta.

Wani ma'aikacin jinya: Karatun dai ku daidaita. Ni rashin barcin ne ya dame ni. Ɗan'uwa, in ya ɗauki makonni, ko ka fara jin zama duniya ba shi da amfani, ka ga likita, kuma ka faɗa wa wani na jikinka yau ɗin nan.