Neman shawara: gonar gado ta faɗo min a kan tudun tsakuwa, in sayar ko in riƙe?

Ɗan Gwadabawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar masana harkar gona. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, an raba gado kuma ni kason da ya faɗo min wani fili ne a gangaren tudu can bayan ƙauyenmu, zai kai kadada 2 ko ya ɗan fi. Ni a Kano nake zaune shekara da shekaru, sai watan jiya na je na taka shi da ƙafata, wlh ban da tsakuwa ja da duwatsu kamar dunƙulen hannu ba abin da na gani, sai busasshiyar ciyawa jefi-jefi da geza da sabara, ka kafta fartanya sai ka ji ƙyal ta dawo maka. Tsofaffi sun ce Baba ya fi shekara 15 bai noma shi ba, awaki kawai ke hawa. Ga wani ɗan kwari da ruwa ya fara ci ta tsakiya, ya kai min gwiwa.

To yanzu wani mai tifa ya ce zai riƙa kwasar burji yana biyana kowace tifa, wani kuma ya ce in sa yara su tsince duwatsun kaf a zubar sannan in kawo tarakta ta farfasa ƙasar. Ni kuma raina bai so in rabu da abin da Baba ya bari. Me irin wannan ƙasa ke yi ne? Ko asarar kuɗi zan yi?

Abban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam ka karɓi kuɗin mai tifa ka ƙara jari kawai, noma a kan dutse wahala ce, masu fadama ma kuka suke balle kai.

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Allah shi jiƙan tsoho. Ɗan uwa kar ka bari tifa ta shiga filin ga, kuma kar ka zubda dutse ko guda. Ni mutumin jahar Tawa ne, nan ƙetaren iyaka gare ku, ƙasarmu duk awa wadda ka faɗi take, hwako da tsakuwa da tudu. Mai tifa in ya kwashe na sama ramu za ya bar maka, damina guda kwarin nan da ka ce ya kai gwiwa za ya shanye mutum tsaye, kuma ruwan za ya sauka ma gonakin 'yan uwanka na ƙasa da yashi da komi, sai rigima.

Abin da ka gani matsala shi ne kayan aikinka. Mu nan duwatsun muke tarawa mu jera su layi-layi a gicciye, ba bin gangare ba, gandari muke ce mai. Ka ɗan tona ƙasa kamar rabin taƙi, ka girka manyan duwatsu ciki, ka cusa ƙanana ta bayansu wajen da ruwa ke fitowa, tsayin bai wuce taƙi guda da 'yan yatsu ba. Ba madatsa ba ce, ruwa na bi ta tsakanin duwatsun shi wuce amma ya rage gudu, duk ƙasa da ganye da kashin awaki da ya ɗauko nan za ya aje su. Bayan damina biyu in ka tsaya bayan layin za ka ga baƙar ƙasa mai laushi ta taru, ciyawa ta fito da kanta ba wanda ya shibka.

Tsakanin layukan kuma sai tassa. Rami ne ƙarami, faɗin taƙi guda da rabi, zurfin kamar taƙi, ƙasar da ka fiddo ka tara ta ta gefen ƙasa awa leɓe don ta tare ruwa, taku guda ka sake wani. Da rani ake gina su, a zuba takin gida cike da tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta ci takin ta huhhuda ƙasar da kanta, ruwan farko in ya sauka shi kwanta cikin ramin sai ka shibka hatsi. Manoman Illela, tamu ta Nijar ba taku ta Sakkwato ba, a ƙarshen shekarun 1980 anka kai wasunsu Yatenga ta Burkina Faso sunka ga yadda Mosawa ke yi, su "zaï" suke ce ma ramin, da sunka dawo sunka kama. Daga baya har sayen hwako mutane sunka riƙa yi, filin da a da ko kyauta ba mai so. Keita ma, nan jahar Tawa, tun 1984 da furojen Italiya ya zo aikin duwatsu da itace anka yi a tuddai.

Amma in gaya maka gaskiya aikin na cin ƙarfi, diga ce da dagi cikin zafin rani, kadada guda na cin rami wajen dubu 10 in taku guda-guda ne. Kar ka ce za ka yi duka bana.

Malamin gona:
Ɗan Adar ya gama magana, ni ƙari kaɗan zan yi. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki diga ka tona rami a wuri biyar ko shida, sama da tsakiya da gindin tudun, ka ga zurfin ƙasar kafin ka ci karo da marmara. Irin wannan ƙasa matsalarta biyu ce: ba ta da zurfi, sannan tsakuwa ta cinye wurin da ya kamata ƙasa mai riƙe ruwa ta zauna, shi ya sa kwana kaɗan da ɗaukewar ruwa shuka ta fara yaushi. Inda ka samu kamu ɗaya ko fiye, nan za ka yi tassa. Inda bai kai taƙi ba ka haƙura da hatsi, ka bar wa ciyawa da itace, yawanci saman tudun haka yake.

Batun tsince duwatsu kaf kuwa kuskure ne. Ka je da hantsi bayan an yi ruwa da kwana biyu ka ɗaga dutse ɗaya, za ka ga ƙarƙashinsa da danshi alhali gefensa ya bushe ƙayau. Dutsen nan inuwa yake wa ƙasa, kuma shi ke karɓar dukan ɗigon ruwa, da zarar ka tsiraita ta sama za ta yi ɓawo ruwa ya riƙa zamewa. Manyan kawai za ka ɗebe don jeri. Tarakta kuma in ma direban ya yarda ya sa faifansa a dutse, sauƙinsa shi ne ya bi gangare sama da ƙasa, kowace kunya ta zama hanyar ruwa.

Abin da mutane ke ɓatawa shi ne layin, ido ba ya iya gane daidai. Nemi farin tiyo irin na magina da suke ɗaukar lebur da shi, ka cika ruwa, mutum biyu da sanda biyu, inda ruwan ya daidaita a sandunan nan za ka kafa turke. In layi ya karkace duk ruwan gefe ɗaya zai taru ya ɓalle. Kuma daga sama ake farawa a sauko, in gangaren ya yi tsaye ka matso da layukan kusa, in mai sauƙi ne taku 25 zuwa 30 ya isa. Kwarin nan ka daddatse shi da duwatsu wuri-wuri, tsakiyar ta fi gefe ƙasa kaɗan don ruwa ya tsallake ta nan kar ya ci bango.

Abin shuka: gero, wake, riɗi. Dawa sai a gindin tudu inda danshi ke zama. Gyaɗa, rogo, dankali ka manta da su, duk abin da ke 'ya'ya a cikin ƙasa tsakuwa na takura shi kuma wajen tono ka sha wuya. Takin zamani kar ka watsa, ruwa zai kai wa maƙwabcinka, ɗan tsunkule a rami tare da na gida ya fi.

Maman Hafsat:
Ni dai duk kun tafi kan hatsi, ba wanda ya yi maganar dabbobi. Filin da awaki suka shekara 15 suna hawa ai ba matacce ba ne. Ka shuka gamba a bayan layin duwatsun, saiwarta na riƙe ƙasa, ga abincin dabba ga zana ga jinka, kyasuwa ma in an hana kiwo damina ɗaya za ta dawo. Wajen watan Afrilu da Mayu ka je kasuwa ka tambayi kuɗin damin ciyawa ka ji. Sannan sabarar nan da geza kar ka tumɓuke, a rage rassa a bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi, kamar yadda mutanen Maraɗi ke yi. In ka ga tsiron magarya ko aduwa ka kewaye shi da ƙaya, su ba ruwansu da tsakuwa.

Ɗan Filato:
Ka gwada acca mana, mu nan a kan duwatsu take yi inda masara ba ta ko tsayawa. Kuma ka nemi hotunan Sukur ta Adamawa da duwatsun Gwoza ka ga yadda suka yi wa dutse matakala suna noma tun kaka da kakanni, Sukur har UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Malamin gona:
Acca tana son ƙasa maras ƙarfi, haka ne, amma ruwan Jos ya kusa ninka na Sakkwato, kuma ba abincin yankinsu ba ne balle ya samu mai sussuka da mai saye. In zai gwada ya yi ɗan fegi kawai.

Abban Khalifa:
Duk na ji, amma mutumin nan a Kano yake fa. Wa zai tsare masa awakin gari kar su cinye gambar?

Ɗan Gwadabawa:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Abban Khalifa tambayarka ta zauna, na kira ƙanina yanzun nan, mun yi da shi zai kula a raba amfani, kuma zai yi wa mai gari magana kan kiwo. Mai tifa na ce masa a'a. Bayan sallah zan je da tiyo da diga mu fara da rubu'in kadada daga sama. Ɗan Adar, takin shanu ɗanye zai yi a ramin ko sai ya ruɓe? Don abin da ke gidanmu ke nan.

Ɗan Adar:
In da rani ka zuba, busasshe ma ya yi, gara za ta gyara shi kahin ruwa. Ɗanye dab da shibka ne ke ƙone tsiro. Ka ɗan rufe shi da ƙasa kar iska ta kwashe. Kuma ka gaya ma yaran da za su ɗauko duwatsu su fara ture kowane da ƙafa ko da hauya, kunama na kwana ƙarƙashi, ni kaina sau biyu tana harbina a wanga aiki.