Shawarwari ga mai son girbin haya da tsohon inji

Wannan ga mai son sayen tsohon injin girbi da sussuka ne, ya riƙa yi wa manoma girbi suna biyansa, ko da yana da wani aikin da yake yi. Waɗanda suka daɗe a harkar sun fi tsayawa a kan sayen injin, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Kada fenti ya ruɗe ka. Injin girbi da sussuka na zamani yana ƙidaya awa iri biyu, ta tashin inji da ta sussuka, ta biyun ce ke nuna wahalar da ya sha. Ka tafi da makanike, ku buɗe murfi, ku shafa bel ko ya tsattsage, ku girgiza sarƙa, ku saurari boris yana juyawa. In kayan gyaransa ba sa samuwa kusa, ka haƙura komai arharsa.

Sai lokaci, wanda shi ya fi damuna ga mai wani aikin. Amfanin kowa tare yake nuna, manomi kuwa ba zai jira hutunka ba alhali hadari na haɗuwa. Ka fara da gonaki kaɗan, makusanta juna.

Kai da manomi ku yi yarjejeniya a rubuce: kuɗin hekta, da wanda zai sayi gas. Kullum ka share ƙaiƙayin da ke taruwa jikin inji, shi ke jawo gobara.