Na'urar tDCS don hannun Baba: mu saya ko mu haƙura?

Auta: Salamu alaikum. Wata huɗu ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta tashi, hannun dama ne har yanzu bai riƙe cokali. An ba mu shawarar sayen na'urar tDCS, mai tura 'yar wutar lantarki cikin ƙwaƙwalwa, wai tana sa ƙwaƙwalwa ta koyi motsi da wuri. Kuɗin da za mu saya da shi kuɗin gashi ne, wato atisayen gaɓoɓi a asibiti, na wata biyu. Wanne ya fi?

Ɗan Kasuwa: Akwai ta a shagunan kayan asibiti. A manna a dantse, tsoka ta riƙa motsi.

Mai Gashi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan Kasuwa, waccan ta tsoka ce, ba ita ake tambaya ba. tDCS a kai ake sa ta: wuta ƙanƙanuwa, miliamfa 1 zuwa 2, minti 20, ta soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9. Tunda hannun dama ne, soson anod, wato na wayar da wuta ke shiga ta cikinta, yana zama a hagun kai. A auna daga kunne zuwa kunne ta tsakiyar kai, a sauko hagu da kashi 20 cikin ɗari na tsawon, kusan santimita 7, wurin da ake kira C3. Ɗayan a goshi, saman girar dama. Ita kanta ba ta motsa ko ɗan yatsa. Jijiyoyin wurin take sa su yi saurin amsawa, shi ya sa ake kunna ta ana cikin atisaye.

Malama Hajiya: Asalin maganar daga Jamus ne, aikin Nitsche da Paulus a Göttingen a 2000. A 2009 Reis da abokan aikinta suka sa masu lafiya koyon matsa wani abu da yatsu biyu na kwana biyar. Waɗanda aka sa wa wutar sun fi, kuma ribar tsakanin yau da gobe take fitowa, har bayan wata uku tana nan. Amma fa masu lafiya ne. Manyan gwaje-gwajen marasa lafiya, NETS a Jamus da TRANSPORT2 a Amurka, ba su ga ta ƙara komai kan atisayen ba.

Sarkin Zolaya: Ko za ta koya wa ƙanena tuƙin adaidaita? Ya gama da katangar maƙwabta.

Nas ɗin Dare: Ba abin dariya ba ne. An taɓa kawo wani dattijo da ƙuna biyu a goshi kamar an ɗora masa kwabo mai zafi. 'Ya'yansa sun haɗa batir mai bolt 9 da waya, ba abin da ke daidaita wutar, suka jiƙa soso da ruwan famfo. Soson ya bushe, wutar ta taru wuri guda. Bakinsa ya karkace, bai iya cewa da zafi ba. Mafi ciwo, wata uku suka daina kai shi gashi suna jiran abin ya yi aiki, yatsun suka dunƙule, sai da ƙarfi ake buɗe tafin a wanke.

Injiniya: Laifin haɗin gida ne wannan. Ta ƙwarai tana hawa da wutar a hankali cikin daƙiƙa 30, tana tsayawa in soso bai zauna ba. Man gashi da kitso ma suna hana wutar shiga, ruwa in ya yi yawa ya zuba sai ta bi fata ta wuce. Halo Sport, wata irinta da aka yi wa 'yan wasa, dala 399 aka sayar da ita.

Ɗan Kasuwa: 749 dai.

Injiniya: Kuɗin samfurinta na farko ke nan. Ta ɗakin bincike kuwa dubban daloli ce.

Malama Hajiya: Injiniya, da girmanka, ka san waya amma ba ka duba marar lafiya. Ƙara lokacin wuta ba ƙara riba ba ne: an ga minti 26 na anod ya juya ya rage amsawar jijiyoyi, kuma a wani gwajin kusan rabin mutanen ba su amsa ba sam. Auta, mai farfaɗiya, ko ƙarfe a kai, ko na'urar bugun zuciya, kada a kusance shi da ita sai likita ya gani.

Injiniya: Hajiya, ai likitocin ma mu ke gyara musu injin.

Mai Gashi: Ku bar wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne yawan maimaici. Binciken Lang na 2009 ya ƙirga motsin hannu kusan 32 a zama guda, alhali dabbobin gwaji ɗaruruwa suke yi a rana. Baba ya riƙa ɗaukar murfin kwalba yana sawa a kwano, ya juya takarda, ya ja carbi, ana ƙirgawa kullum.

Nas ɗin Dare: To wa zai nuna musu? Mutum ya yi sammako, ya bi layi har azahar, a haska masa fitila mai zafi minti goma a ce ya dawo bayan sati biyu.

Mai Gashi: Mutum ɗaya da benci uku cike, ya za a yi?

Auta: Na gode. Wajen nan C3, daga gaban kunne ake fara awon ko daga samansa?

Ɗan Kasuwa: Ga kuɗin mota ma, in daga ƙauye ne ya fi kuɗin gashin.