Neman kalma: aikin NTP a Hausa

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Jibi Asabar zan koyar da NTP, wato tsarin da kwamfuta ke karɓar lokaci daga wata ta rezo, da Hausa ga ɗalibaina nan Maradi. Me za mu kira aikin? "Saita agogo" ya faɗo mini, amma bai kwanta mini ba.

Mai gyaran rezo: Saiti sau ɗaya ake yi, Malam. Agogon kwamfuta kullum zamewa yake. Kuskuren 20 cikin miliyan ya kai sakan 1.7 a yini, zafin Afrilu kuma yana sauya shi. Shi ya sa kwamfutar take komawa tambayar mai ba ta lokaci ta ƙofa 123, lambar hanyar da NTP ke bi a rezo, bayan sakan 64 har zuwa 1024. Ka ce "daidaita agogo".

Malamin lissafi: Na yarda. Amma gyaran iri biyu ne. In bambancin agogonka da na mai ba ka lokaci ya wuce milisakan 128 (milisakan ɗaya cikin dubu ne na sakan), ntpd, manhajar da ke aikin NTP, yana cilla agogon wuri guda, wannan "tsallake". In bai kai ba, sai ya riƙa rage masa gudu ko ƙarawa, gyaran sakan 1 ya ci sakan 2000. Wannan "lallaɓawa" ne. Ka nuna musu lokuta 4: fitar tambaya, isarta, fitar amsa, dawowarta. Lissafin da ake yi da lokutan nan yana ɗauka tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya. In ba haka ba, rabin bambancin tsawonsu ya shige agogonka.

Mai gyaran rezo: Saura stratum, lambar da ke nuna nisan agogo daga tushen lokaci. Ni "silsila" nake cewa. GPS ko agogon atom shi ne 0, wanda ya ji daga bakinsa 1, har 15. Mai 16 ba a karɓar ruwayarsa.

Dattijo: Silsila Larabci ce, ta malamai ce. Muna da "hawa", muna da "mataki". Kuma kun cika mu da kwamfuta irin ta Kano, alhali nan ordinatar muke ji a kasuwa.

Malamin lissafi: Baba, ranku ya daɗe, ordinatar ma Faransanci ce. Agogo kansa daga Yarbawa muka aro shi.

Dattijo: Agogo ya kwana cikin gida, ya zama ɗan gida. Kada mu ƙara baƙi inda muke da namu.

Mai gyaran rezo: "Hawa" zai ruɗe su, don mai ƙaramar lamba shi ne sama.

Mai tambaya: Na ɗauki daidaita agogo, tsallake da lallaɓawa. A allo zan rubuta "mataki", silsila in kawo ta misali da baki.

Dattijo: Da baki dai. Kada ta hau allo.