Dan Allah ku taimaka: maƙwaƙwafi iri biyu ne ke zuwa bayan gidana ko iri ɗaya?

Maman Yara:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu sanin tsuntsaye a cikinmu ku taimaka min. Muna zaune ne a gabashin Amurka, bayan gidan akwai manyan bishiyoyi guda uku, sai na rataye ɗan kejin wayar nan da ake saka ma tsuntsaye kitse a ciki saboda yarona ya ƙwallafa rai da kallonsu, har littafi gareshi da yake rubuta duk wanda ya gani. Toh kusan wata biyu kenan maƙwaƙwafi yana zuwa, baƙi da fari, tsakiyar bayansa fari tas, fukafukan ɗige-ɗige. Ni duk a zatona tsuntsu ɗaya ne ke ta dawowa, shi kuma yaron ya dage wai iri biyu ne, ya buɗo min littafin tsuntsaye ya nuna min wanda Turawa ke kira Dauni da wanda suke kira Heri, wallahi na kalla na ƙara kalla kamar an tsaga kara, ban ga wani bambanci ba.

Abin da ya ƙara rikita ni shine jan nan. Wani lokaci in ga ja a ƙeyarsa, wani lokaci babu ja ko kaɗan, jiya kuma wani ya zo da jan a tsakar kansa ta sama. Na ɗau hoto ta taga amma gilas ya ɓata shi. Bana son in ce ma yaron ya rubuta abin da ba daidai ba, ya ɗauki abin da gaske sosai. Me zan duba?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Ai mai jan shine babban irin, wato Heri, marar jan kuma ƙaramin irin, wato Dauni, ni haka na ɗauka tun da can.

Malam Mai Kyamara:
A'a ƙanina, ba haka bane, kar mu ƙara rikita ta. Jan nan ba ruwansa da iri. A dukkansu biyun namiji ne ke da ja a ƙeya, mace bata da shi, shikenan. Wanda kika gani da ja a tsakar kai kuma ɗa ne da bai daɗe da barin sheƙa ba, in ya sake gashi jan saman zai tafi. Ina ma tayaki murna don alama ce sun yi ƙyanƙyasa kusa da ku.

Hajiya ki bar kallon jiki, baki zaki kalla. Ki jira ya juya miki gefe sai ki gwada tsawon bakin da tsawon kansa, wato daga gindin baki zuwa ƙeya. Bakin Dauni ɗan guntu ne kamar ƙaya, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ba, ga wani tattausan gashi a gindin bakin da ke rufe wani sashe sai ya ƙara zama ɗan mitsitsi. Na Heri kuwa ya kusa tsawon kan gaba ɗaya, kakkaura kamar ƙusa. In kika ga bakin Heri sau ɗaya da kyau bazaki ƙara tambaya ba. Sai dai in yana fuskantarki kai tsaye kar ki yanke hukunci, ta gaba duk baki gajere yake fitowa, ni kaina na sha ɗaukar hoto in sa masa suna, sai hoto na gaba ya juya in ga na yi kuskure.

Maman Yara:
Allah ya saka da alheri Malam. Toh girman fa? Don littafin yace ɗaya yafi ɗaya girma amma ni ban taɓa ganinsu tare ba balle in gwada.

Malam Mai Kyamara:
Eh girman da bambanci sosai. Dauni santimita 14 zuwa 17 ne, nauyinsa giram 21 zuwa 28, shine mafi ƙanƙantar maƙwaƙwafi a duk Arewacin Amurka, kaɗan ya ɗara gwara. Heri santimita 18 zuwa 26, nauyi daga giram 40 har 95. Amma tsuntsu shi kaɗai a jikin bishiya ido yana yaudara, musamman in ana sanyi ya kumbura gashinsa. Dabarar ita ce kejin nan naki. Tunda kullum a kansa suke sauka, ki auna tsawonsa da rula ki riƙe a ka, sai ki ga wanda kusan daidai yake da kejin da wanda kai ya wuce ta sama jela ta zarta ta ƙasa.

Anti Uwar Gida:
Yar uwa nima na sha wannan wahalar, shekara guda cur ina kiran duk wanda na gani Dauni. Abin da ya fisshe ni jela ce. Kinsan suna tokare jiki da jela in sun maƙale, toh gashin gefe-gefe na jelar fari ne a dukkansu, amma na Dauni akwai yan ɗigo baƙaƙe guda biyu ko uku a jikin farin, na Heri fari ne sol. Ta ƙasa ake ganinsu sosai, shi yasa na ɗaga kejina sama ya wuce tsayin taga, in ya maƙale ina zaune ina hango ƙarƙashin jelar. Ki dai sani in kinga ɗigon kina da hujja, in baki gani ba kuma kar ki yi saurin cewa Heri ne don wani lokacin gashin a haɗe yake ya ɓoye su. Akwai kuma wani ɗan baƙin zane kamar waƙafi da ke saukowa daga kafaɗa zuwa gefen ƙirji, a Heri yana fitowa ɓaro-ɓaro, a Dauni da ƙyar ake ganinsa, amma ni gaskiya ban cika dogara da shi ba, yanayin zaman tsuntsun yana canza shi.

Baba Dattijo:
Yata, duk abin da suka faɗa miki daidai ne. Ni dai idona ya yi rauni yanzu, da kunne nake rabe su, kuma kunne baya buƙatar tsuntsu ya juya gefe.

Dukkansu suna da ɗan gajeren kira guda ɗaya. Na ƙaramin a tausashe yake, pik, kamar baya son ya dami kowa. Na babban da kaifi da ƙarfi, piik, in ya yi a kusa sai kin ɗago kai. Sannan akwai dogon kira da suke jerowa, na ƙaramin yana farawa sama ya gangaro ƙasa a ƙarshe, na babban a miƙe yake tafiya baya sauka. Ko ƙwanƙwasar da suke yi a jikin bishiya don shelar cewa wurin nasu ne ba ɗaya bace, ta ƙaramin wajen bugu 17 a daƙiƙa, har kina jin kamar zaki iya ƙirgawa, ta babban wajen 25, sai ta haɗe ta zama kamar gurnani ɗaya.

Ki kuma lura da inda yake kiwo. Ƙaramin saboda rashin nauyi yana hawa siraran rassa har da busasshen karan ciyawa, yana reto kai a ƙasa. Babban yafi son gangar bishiya da manyan rassa, in yana sara ɓawo na zubowa. Ki zaunar da jikana da asuba kafin hayaniya ta tashi ya rufe ido ya saurara, zai riga ki koyo.

Ɗan Auta:
Na karɓi gyara Malam, nagode. Amma ni abin da ke ɗaure min kai, tunda kamarsu ɗaya haka ai yan uwan juna ne na kusa ko?

Malam Mai Kyamara:
Nan ne abin mamakin. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba su ne mafi kusa da juna ba, kowanne yana da danginsa da suka fi kusa da shi. Abin da masana da yawa suka fi karkata a kai shine ƙaramin ne ya ɗauko kamannin babban a tsawon zamani, don sauran tsuntsaye su ɗauka Heri ne su matsa masa a wajen abinci. Shi Heri kansa dai baya ruɗuwa, in ya iso korar ƙaramin yake daga kan kejin.

Hajiya in kina so ki sauke manhajar Merlin ta jami'ar Kwanel da ke Amurka a waya, tana sauraren kuka ta faɗi sunan tsuntsu. Tana taimakawa amma takan yi kuskure in akwai hayaniya, ki riƙa tabbatarwa da idonki.

Anti Uwar Gida:
Kuma ki ce ma yaron ba laifi bane ya rubuta "Dauni ko Heri" in bai gani da kyau ba, manyan masu ƙirgar tsuntsaye ma suna yin haka.

Maman Yara:
Salam, na dawo da labari. Yau da safe muka zauna ni da shi tun ƙarfe shida da rabi, mun auna kejin mun ɗaga shi sama kamar yadda Anti tace. Na farko da ya zo mace ce, ɗan baki kamar ƙaya, da ta gyara zama na ga ɗigon jelar guda biyu da idona. Muna cikin kallonta kawai muka ji piik daga bishiyar tsakiya, kafin kace me ta tashi, wani ya dira kejin har yana lilo, kai ya wuce sama jela ta wuce ƙasa, bakin nan kuwa subhanallah, Malam gaskiyarka. Ashe yaron ne ke da gaskiya tun farko, na faɗa masa haka kuma, yana ta murna ya cika shafi guda da zanen baki biyu.

Baba mun gwada rufe idon, shi ya rabe kiran ni har yanzu da saura. Ɗan mai jan tsakar kan bai zo ba yau, shi muke jira mu ga ɗan wanne ne a cikinsu.