Jiri na ɗibata a kan gadar Jebba, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayen gidana direbobi. Ni ɗan Aliero ne, shekarata 9 ina jan tirela, yawanci albasa nake kaiwa Legas ta Yauri, Kontagora da Mokwa.

Tun daminar bara, da na zame daga saman kaya ina ɗaure tampol, tsoron bisa ya kama ni. Ban karye ba, Allah Ya tsare, amma zuciyata ba ta koma daidai ba. Yanzu da na doshi gadar Jebba sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi har sitiyari na zame min, ƙafata ta birki na rawa. In na hango ruwan Neja ta gefen ido, ji nake kamar motar na jan kanta zuwa bakin gada. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don ba raina kaɗai ke cikin motar ba.

Na gwada addu'a, na kafa ido a bayan motar gabana, na bar wa yaron mota ɗaurin tampol. Sauƙi kaɗan ne. Ƙwaya kam ba zan sha in riƙe sitiyari ba.

Don Allah akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali ya fita? Wane irin likita zan nema a Birnin Kebbi?